Kadar ɗin keke na alminiyom ya tsage, a kai wa mai walda ko a haƙura?

Ranar Lahadin da ta wuce da la'asar sakaliya ɗan yayata ya shigo min gida yana tura kekensa da hannu, daga kasuwar Pitowa yake, kuma tunda na ga bai hau ba na san da magana. Ya jingine shi jikin darbejiyar tsakar gida ya ce Kawu don Allah zo ka duba min nan. Na tsuguna na duba. A ƙarƙashin babban bututun nan da ya taso daga wajen feda ya je ya haɗu da wuyan keken, daidai bakin waldar kamfani, ga wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Ya ce sati biyu kenan yana jin ƙara ƙyas ƙyas duk sanda ya miƙe tsaye ya taka da ƙarfi, ya zuba wa sarƙa mai, ya ɗaure sirdi, ƙarar tana nan. Wai gobe da safe zai kai wa mai waldar bakin titi a ɗan ɗiga masa, minti biyar an gama.

Na ce masa zauna tukuna yaro. Abin da na faɗa masa a ranar shi nake so na shimfiɗa a nan, don irin kekunan nan yanzu sun cika gari, Garwa, Marwa, Gaundare, har Kusiri da hayin gada a Njamena, ana sauke su a brokant, wato shagunan kayan gwanjo, daga Turai, masu giya da manyan bututu masu sheƙi, ka ɗaga da hannu ɗaya kamar ba komai. Mutane na saye suna murna, kuma da gaskiyarsu kekuna ne masu daɗin hawa, amma ana mu'amala da su kamar yadda aka saba da baƙin keken nan na iyayenmu, Phoenix ko Raleigh, wanda in ya karye a kai wa mai kabayit ya liƙe da tagulla a ci gaba da harka shekara goma. To ba ƙarfe ɗaya ba ne, kuma bambancin yana iya kai mutum asibiti.

Da farko ma ka tabbatar da abin da ke hannunka. Kadar, wato gangar jikin keken da 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa firam, ka kanga masa maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, rabin damuwarka ta tafi. In bai kama ba kuma ka ga waldar mahaɗar tana da kauri, jere kamar ɓawon kifi, to alminiyom ne, goran ruwa kenan a bakin tsofaffi, wasu su ce sanholo. Nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, amma shi ma wajen ƙin lanƙwasa kashi ɗaya cikin ukun yake, shi ya sa masu ƙera keken suke faɗaɗa bututun ya yi ƙato don kar ya riƙa lilo, sannan su sirance bangonsa don kar ya yi nauyi. Wannan ƙaton bututun da kake gani ka ɗauka ƙarfi ne, a tsakiyarsa wani wurin kaurin bangon milimita ɗaya ne ko ma bai kai ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Yanzu ga gundarin maganar, kuma a nan ne ko masu waldar da dama ba su da labari. Alminiyom zalla laushi gare shi, irin na cokali da kwanon sha, ba ya ɗaukar mutum. Wanda ake keke da shi gauraye ne. In ka duba bututun da ke ƙarƙashin sirdi sau da yawa za ka ga sitika an rubuta 6061 ko 7005, wani lokaci da T6 a gefe. Shi 6061 alminiyom ne da aka zuba wa ɗan magniziyom da silikon, shi kuma 7005 zinki da magniziyom. Amma gaurayen kaɗai ba shi ke ba da ƙarfin ba, gashi ne. Wannan T6 ɗin sunan gashin da aka yi masa ne. A masana'anta bayan an gama walde kadar ɗin 6061 gaba ɗaya, sai a sa shi cikin tanda mai zafin digiri 530 ko kusa da haka, har magniziyom da silikon ɗin su narke su baje cikin jikin ƙarfen kamar gishiri a ruwan zafi, ƙarfen kansa bai narke ba. Sai a fizgo shi a tsoma a ruwa nan take. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ake ba wa wuƙa ko gatari ruwa zai ce ai na gane, to kusan haka ne amma da bambanci ɗaya, shi baƙin ƙarfe yana fitowa daga ruwa ya yi tauri, shi kuwa alminiyom yana fitowa da sauran laushinsa, a lokacin ne ma suke ɗora shi kan teburin awo su miƙar da duk inda ya karkace. Bayan nan a mayar da shi wata tandar mai sanyin wuta, digiri 160 zuwa 180, ya yi awa takwas zuwa goma sha takwas gwargwadon zafin. A wannan zaman ne abubuwan da suka narke suke sake ɗaurewa su zama 'yan mitsi mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, a baje ko'ina cikin ƙarfen, su ne ke tokare shi su hana shi saki. Ka ɗauka kamar ciyawa ko harawar da ake tattakawa cikin ƙasar gini, ita ke riƙe tubalin.

To me wutar walda ke yi? Tana rusa wannan aikin ne gaba ɗaya a inda ta taɓa. Inda aka narkar ɗin ya wuce digiri 660, daga nan zafin yana raguwa yana bin bututun hagu da dama, kuma alminiyom yana jan zafi ninki uku ko fiye a kan baƙin ƙarfe, saboda haka wajen santimita biyu da rabi kowane gefe ƙwayoyin nan sun narke ko sun kumbura sun dunƙule sun daina aikinsu. Ƙarfen da yake jure wajen megapaskal 300, wato ma'aunin ƙarfin ja, kafin ya tsinke sai ya dawo ƙasa da 200, kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ƙarfinsa ya tafi. Kuma wallahi ido ba zai nuna maka ba. Waldar za ta fito fes, a shafa fenti, kai da mai waldar duk ku gamsu, alhali a gefen ɗinkin an bar maka wani zobe mai laushi daidai wurin da tun farko nauyi ya fi taruwa har ya tsage. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa an yi min walda mai kyau amma ya sake tsagewa a gefenta, sai a ce mai waldar ne bai iya ba. Wani lokacin ya iya ɗin, tanda ce ba shi da ita. Kuma tandar da za ta haɗiye kadar ɗin keke sukutum ta riƙe digiri 530 ba hawa ba sauka, da tankin ruwa a gefe da teburin miƙarwa, wannan kayan masana'anta ne, ba na rumfar bakin titi ba. Gashi a tandar burodi ko hura masa wutar gas ba ya maye gurbinsa, tazarar da ke tsakanin zafin da ake so da wanda ƙarfen zai fara narkewa 'yar kaɗan ce.

Sai tambayar da ɗan yayata ya yi min, ya ce to Kawu ni ban faɗi da shi ba, mota ba ta buge ni ba, me ya tsaga shi? Gajiya ce. Ƙarfe na gajiya, ba wasa nake ba, haka masana ke kiranta. Ka samu waya ka lanƙwasa ka miƙar, ka lanƙwasa ka miƙar, ba da ƙarfi ba, a hankali za ta tsinke. Kowane taku na feda, kowane rami, kowane burki, kadar ɗin yana ɗan motsi kaɗan da ba ka gani ya koma. Baƙin ƙarfe yana da wata iyaka wadda in nauyin bai kai ta ba kusan sai dai tsatsa ta kashe shi, ba gajiya ba. Alminiyom ba shi da wannan iyakar, komai ƙanƙantar motsin yana rubuta shi a littafi, ranar da lissafi ya cika sai tsaga ta buɗe daga inda ya fi rauni, bakin walda, gefen rami, inda ya taɓa lotsewa. Ko masu jirgin sama sai da suka koyi wannan da rayukan mutane, a 1954 jiragen Comet na Ingila guda biyu suka tarwatse a sama cikin wata uku, bincike ya gano gajiyar alminiyom ce da ta faro daga kusurwar ramukan da aka yanka a jikin jirgin. To keken brokant fa, wa ya san shekara nawa ya yi a ƙarƙashin wani Bature kafin ya hau jirgin ruwa zuwa Duwala? Ya zo da littafinsa rabi a cike, mu kuma muka ɗora masa hanyoyin burji masu kunya kunya irin na ƙauyukan auduga, da buhun gawayi, da jarkoki. Kariyar irin waɗannan kekunan da yawa an buga mata kilo 25 a jiki, jarka ɗaya mai lita 25 ta ruwa ta cinye wannan lissafin, mu kuwa biyu muke ratayawa har da ta uku a sama, ko a goya ƙato.

Abin da wannan ke nufi shi ne tsagar da ka gani ba ita kaɗai ce matsalar ba, ita ce dai ta fara magana. Sauran mahaɗun ma tafiyar da ta yi suka yi.

Baƙin layin nan ma yana da dalili, bakin tsagar biyu ne ke gugar juna suna fitar da gari mai launin toka, shi ne ƙarar da yaron yake ji. Amma ba kowane layi ne tsaga ba, wani fenti ne kawai ya dare. Ga yadda za ka bambance ba tare da ka kashe ko dala ba, kuma dabara ce tsohuwa da masu gyaran jirgin ƙasa suka yi amfani da ita tun da daɗewa. Ka kankare fentin wurin da samfefa mai laushi har farin ƙarfen ya fito, ka shafa kananzir ka bar shi minti goma sha biyar ya tsuma, ka goge sama tas da tsumma busasshe, sannan ka barbaɗa garin alli ko hodar jarirai sama sama. In tsaga ce kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya jiƙa allin, layin ya bayyana ɓaro ɓaro, kuma sau da yawa za ka tarar ya fi yadda ka zata tsawo. Na ɗan yayata da muka yi masa haka da fitilar waya, layin da muke gani gaɓar yatsa ashe ya zagaya ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na bututun ta ƙasa.

Mu dawo kan masu walda, don ba na so a ce na raina sana'ar mutane, ni kaina a cikin ƙarafa na taso kuma na san akwai masu hannu a garin nan da in ka ga aikinsu sai ka sara musu. Matsalar injin ne da halin ƙarfen. Alminiyom da zarar iska ta taɓa shi yake yin wata fata siririya a sama, ita ke hana shi tsatsa, to ita wannan fatar ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2000, alhali naman da ke ƙarƙashinta a 660 ya zama ruwa. Ƙari a kan haka ba ya yin ja. Mai walda ya saba baƙin ƙarfe yana yi masa sallama, ya yi ja, ya yi ruwan lemo, ya san lokaci ya yi. Wannan kuwa yana nan fari kamar ba abin da ke faruwa, sai kawai ka ga wurin ya rufta ya bar rami. A bango mai kaurin milimita ɗaya, da injin baget, wato mai sandar walda, irin na walda ƙofa da taga, ko da an samo baget na alminiyom ɗin, ƙiftawar ido ne ya huje. Za ka ce ai ana walda murfin injin babur da kan silinda a gari kuma suna riƙewa. Gaskiya ne, amma waɗannan zubi ne mai kauri, aikinsu su riƙe mai kar ya zuba, ba sa lanƙwasa sau dubu a kowace tafiya da mutum a kansu yana gangara gadar Binuwai.

Aikin da ya dace shi ne wanda ake kira TIG, masu walda a nan sun fi cewa waldar argon. Tsinken tungistan ne ke ba da wuta ba ya narkewa, iskar argon daga kwalba tana lulluɓe wurin don kar iskar duniya ta shiga, injin kuma dole ya zama mai wutar da ke juyawa gaba da baya, AC, don rabin juyin ne ke fasa fatar nan ɗaya rabin ya narkar da ƙarfen. Sannan sandar cikon ba kowacce ba, 6061 an fi yi masa da 4043 ko 5356, shi kuwa 7005 da 5356 ake yi masa. In aka narkar da 6061 shi kaɗai ba ciko, yana hucewa yake tsagewa a tsakiyar ɗinkin. Ga tsabta, fenti, gris, danshi, duk sai an kawar, a goge da asiton da burushin silba wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, in ba haka ba ɗinkin zai cika da 'yan ƙofofi kamar burodi. Wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai, rumfunanmu a buɗe suke, iskar hunturu in ta kaɗo tana kwashe argon ɗin daga bakin wutar, sai an kare wurin. Saboda haka in har za ka kai, ka tambayi mai aikin cikin girmamawa, Maigida injin argon ne, wace sanda za a sa? Wanda ya san aikin ba zai ji haushi ba, zai ma ji daɗi ya samu wanda ya san darajar abin da yake yi. Kuma shi da kansa zai huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar kafin ya fara, ya fafe ta, wataƙila ya ɗora faci a kai don nauyin ya bazu ya wuce zoben nan mai laushi.

A nan 7005 ya fi ɗan uwansa sauƙin kai. Shi ba ya buƙatar a tsoma shi a ruwa, hucewa a iska ta ishe shi, kuma bayan walda in aka ajiye shi yana dawo da kaso mai yawa na ƙarfinsa da kansa cikin 'yan makonni. Wato in sitikarka 7005 ce, mai argon ɗin gwani ne, ka jingine keken wata guda ba ka hau ba, gyaranka ya fi na mai 6061 madogara nesa ba kusa ba. Haƙurin wata gudan ne mutane ba sa yi.

Akwai kuma sandunan nan da ake talla a bidiyon Facebook da TikTok, a hura wa gwangwanin lemo wutar gas a goga sanda ta narke ta toshe rami kamar sihiri. Yawancinsu zinki ne, suna narkewa wajen digiri 400. Suna da amfaninsu, lagireto, tukunya, bututun firji. Amma don sandar ta kama sai ka gasa bututun keken gaba ɗaya ya kai wannan zafin, kuma digiri 400 ɗin nan kusan shi ne daidai zafin da ake amfani da shi in ana so a kashe taurin 6061 da gangan ya koma laushi. Ka toshe tsagar ka kashe bututun, faɗin wurin da ya mutu ma ya fi na TIG. Gam mai haɗi biyu irin su Araldite a shafa a kan tsaga shi kaɗai kuwa rufe ido ne kawai, illarsa ma ita ce ya ɓoye maka tsagar tana ci gaba a ƙasa ba ka gani.

To kenan duk kadar da ya tsage a jefar? A'a, kuma a nan ne nake so a yi hankali, don ni a ganina tambayar ba wai zai waldu ko ba zai waldu ba ce, tambayar ita ce in gyaran ya saki ina mahayin zai faɗa. Kadar kusurwa uku uku ne guda biyu. Na baya yana da 'yan sanduna huɗu da suka riƙe tayar baya, in ɗaya ta tsinke sauran ukun suna riƙe da ita, tayar za ta karkace ta goga, keken ya yi lilo, ka ji ka tsaya ka sauka da ƙafarka. Tsaga a nan in aka samu mai argon na ƙwarai ya yi da faci, aka rage kaya, aka riƙa dubawa duk sati, ni ba zan hana mutum ba, musamman wanda keken nan shi ne ƙafarsa zuwa makaranta ko gona. Haka 'yar kunnen da ake ɗaura kariya ko madigadi, wannan ƙaramin abu ne, kilif ma ya isa. Ƙugiyar da giyar baya ke rataye a jiki kuwa a yawancin kekunan alminiyom da kusoshi aka ɗaura ta, da gangan aka yi ta don ta karye a madadin kadar, canza ta ake yi ba walda ba, kuma kar a yi ta miƙar da ita da filaya ana maimaitawa.

Tsagar saman bututun sirdi ita ma tana da sauƙi, kuma ita ce ta fi yawa a wurinmu saboda dogayen samari suna zaro sandar sirdi har ta wuce layin da aka zana mata, ɗan guntun da ya rage a ciki ya riƙa ɓanɓarar bakin bututun. In tsagar gajeriya ce kuma tana sama da mahaɗa, a huda ramin milimita biyu ko uku daidai ƙarshenta don ta rasa bakin ci, a samo sandar sirdi doguwa mai daidai kauri wadda za ta nutse ta wuce mahaɗar sosai, wani lokacin ma a yanke ɗan saman a sake tsaga wurin maɗauri. Ba wuta ba komai, kuma yana riƙewa.

Amma gaba, wuyan keke, ƙarƙashin babban bututu kusa da wuya, fok mai riƙe da tayar gaba, kan keke da abin da ya riƙe shi, a nan ba ni da sassauci ko kaɗan. Babu wani abu na biyu da ke riƙe da tayar gaba. In wurin ya saki ba ya ba da sanarwa, alminiyom ba ya tsayawa lanƙwasa kamar baƙin ƙarfe, ɓallewa yake, kuma ya fi ɓallewa lokacin da nauyi ya fi yawa wato kana gudu ka faɗa rami ko ka damƙe burki, tayar ta yi gaba kai ka sauka da fuska, ga manyan motocin da ke bin hanyar Marwa a bayanka, mu kuma ba hular kwano muke sawa a keke ba. Ko a ƙasashen da suke da tandar, kuɗin walda da gashi da sabon fenti sau da yawa ya fi kuɗin wani kadar ɗin, shi ya sa su ma canzawa suke.

Wasu suna naɗe wurin da zaren gilashi, irin wanda ake gyaran kwalekwale da bambar mota da shi, ko zaren kabon, a jiƙa da gam mai ƙarfi. Fa'idarsa babu wuta, taurin ƙarfen yana nan. Amma sai an huda ƙarshen tsagar, an kankare an goge an naɗa nan take kafin fatar nan ta sake kauri, naɗin ya wuce tsagar da nisa kowane gefe, kuma in kabon ne dole a fara sa zaren gilashi a ƙasa don kabon in ya haɗu da alminiyom ga danshi yana cinye shi. A tsakiyar bututun baya yana iya yin aiki. A wuya kuwa amsata ba ta canza ba. Sannan in ka ci karo da tsohon keken tsere na Faransa mai siraran bututu da aka rubuta Vitus 979, irin na shekarun 1980, wannan ba walda aka yi masa ba tun asali, da gam aka haɗa bututun cikin mahaɗai, wuta na taɓa shi gam ɗin ya mutu.

Wani abin da ke ci min rai shi ne ƙasar nan tamu ta Kamaru ba baƙuwar alminiyom ba ce, tun 1957 ake narka shi a Edeya, ga duwatsun bauxite da ake fitar da shi daga cikinsu jibge a Adamawa wajen Minim da Martap da Ngaundal, kwanon rufinmu da tukwanenmu duk shi ne. Yaranmu da ke makarantun koyon sana'a sun cancanci a koya musu waldar argon da wannan ilimin gashin tun suna aji, don kekunan nan da babura da kayan sola ƙaruwa za su yi ta yi.

Shi dai ɗan yayata ranar bai ji daɗina ba, ya yi shiru yana kallon keken, kuɗin da ya tara na hutun bara ne gaba ɗaya. Ya ce Kawu ko a hankali zan riƙa tafiya? Na ce a hankalin ma rami ba ya tambaya, kuma ni ne zan kalli idon mahaifiyarka. Washegari muka je wurin wani dattijo mai gyaran keke da na sani tun ina yaro, na gaishe shi na ce Baba ko akwai kadar na baƙin ƙarfe a ajiye, ya shiga bayan rumfa ya fito da wani tsohon na keken dutse, fentin ya koɗe amma maganaɗisu ya kama shi ɗam kuma ba lotsawa ko ɗaya. Tayoyi, giya, burki, sarƙa, feda, sirdi duk suka hau, sandar sirdi da kwanukan wuya da fok ne kawai ba su yi daidai ba aka nemo wasu. Keken ya ƙara nauyi kaɗan, yaron ya ɗaga ya ɗan ɓata fuska, ya hau ya zaga layin ya dawo.

Tsohon kadar ɗin kuwa wani ya taya a wurin, ya ce zai shafa masa fenti. Ban sayar masa ba. Na karɓi zarto a hannun Baba na raba shi biyu daga wuyan, da muka duba bakin yankan, rabin tsagar ya yi baƙi ya yi santsi alamar ta daɗe tana ci, ɗan farin da ya rage yana riƙe da yaron bai fi faɗin farce biyu ba ta kowane gefe. Muka kai wa masu zubin tukunya suka auna a kilo suka biya, kuɗin na miƙa masa ya ƙara ya sayi sabuwar wayar burki.